Alkyabbar Sarki a Kafaɗar Minista

Ranar Laraba, 28 ga Agustan 2019, wasu manyan jami'an gwamnatin Birtaniya su uku, ƙarƙashin jagorancin Jacob Rees-Mogg, suka isa gidan sarauta na Balmoral da ke cikin tsaunukan Sikotlan, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ke hutun da ta saba yi duk shekara. Zaman majalisar mashawartan sarauniya ya kai su. Al'adar wannan majalisa ita ce a tsaye ake ganawa, har da ita sarauniyar, don kada magana ta yi tsawo. Aka karanta mata buƙatar Firayim Minista Boris Johnson: a rufe majalisar dokoki daga mako na biyu na Satumba, kada a sake buɗe ta sai 14 ga Oktoba. Ta amsa da kalma ɗaya tak, wadda ake amsawa da ita a kowane irin wannan zama, cewa an amince.

Mako biyar ke nan babu majalisa, a daidai lokacin da ya rage wata biyu ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai, kuma 'yan majalisa na ta faɗi-tashin hana Johnson fitar da ita ba tare da yarjejeniya ba. Shi ya ce yana son lokaci ne ya shirya sabon jawabin manufofin gwamnati. Abokan hamayyarsa suka ce fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Ba a kaɗa ƙuri'a a kan rufewar ba, domin babu inda doka ta ce a kaɗa. Rufe zangon majalisa na daga cikin ikon da Turawan Ingila ke ɗauka a matsayin gadon karaga, wato abin da ya rage a hannun sarki bayan majalisa ta yi ɗaruruwan shekaru tana yagar ikonsa.

Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa a fadar wani sarki a ƙasar Hausa ya san sarki ba ya yawan magana. Kai ka durƙusa ka yi gaisuwa, fadawa ne za su amsa maka da ƙarfi: sarki ya gaishe ka. Bakin bafade ne ya furta, amma kowa ya san maganar ta sarki ce. A Birtaniya ta yau abin juyawa ya yi. Bakin sarki ne ke furtawa, maganar kuwa ta minista ce. Da sunan sarki ake tura soja yaƙi, ake ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, ake naɗa ministoci da jakadu, ake yi wa mai laifi afuwa, har fasfo da sunansa ake bayar da shi, ake kuma janye shi. Idan doka ta gama ratsa majalisa, a wasu lokuta wani magatakarda kan miƙe ya shelanta da tsohon Faransancin Normandi cewa sarki yana son haka. Ko yana so ko ba ya so, ba wanda ya tambaye shi.

Yadda aka yi ta yagar ikon

A 1610 Sarki James na Ɗaya ya so ya hana sabbin gine-gine a Landan da shela kawai, ba tare da majalisa ba. Aka tambayi alƙalai, babbansu Edward Coke ya ba da amsar da har yau ake kafa hujja da ita: sarki ba shi da wani iko sai wanda dokar ƙasa ta yarje masa, kuma ba zai ƙirƙiro laifi da shela ba. Ɗansa, Charles na Ɗaya, bai ji wannan karatu ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki babu majalisa, yana karɓar haraji da ƙarfin kansa. Yaƙin basasa ya biyo baya, a Janairun 1649 aka fille masa kai a bainar jama'a. Bayan James na Biyu ya tsere daga ƙasar a 1688, majalisa ta kafa sharuɗɗa a 1689: sarki ba zai jingine doka ba, ba zai karɓi haraji ba, ba zai riƙe rundunar soja a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardarta. Rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun 1708, lokacin da Sarauniya Anne ta ƙi amincewa da dokar kafa dakarun sa-kai a Sikotlan, kuma ko ita ɗin ministocinta ne suka ba ta shawarar ta ƙi.

Littattafan makaranta kan tsaya nan, su ce an karya ikon sarki, dimokuraɗiyya ta yi nasara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ragowar ikon bai mutu ba. Ƙaura ya yi daga fada zuwa ofishin firayim minista, da duk ƙarfinsa, ga kuma kwarjinin sarauta yana yi masa rumfa. Sarki na riƙe da ƙaho, wani na tatsa. Shi ya sa a ganina masu damuwa da ko sarki zai yi kama-karya suna duban inda ba nan matsalar take ba. Mutumin da ya kamata a sa wa ido shi ne wanda ya ci zaɓe, ya samu kayan aikin sarakunan da a aljihun teburinsa.

Alƙalai ne suka fi kowa ɗaure wannan iko, kuma a hankali suka yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya soja suka karɓe wani otal a Landan mai suna De Keyser, gwamnati ta ce ikon karaga ne, don haka ba dole ta biya diyya ba. A 1920 alƙalan Majalisar Dattawa suka ce inda majalisa ta riga ta yi doka a kan abu, gwamnati ba za ta tsallake dokar ta koma ga tsohon iko ba, sai ta biya. A 1984, bayan Firayim Minista Margaret Thatcher ta hana ma'aikatan hukumar leƙen asiri ta GCHQ shiga ƙungiyar ƙwadago, alƙalai suka ce kasancewar iko na karaga ne bai hana kotu duba yadda aka yi amfani da shi ba. Ma'aikatan dai sun faɗi a shari'ar, saboda gwamnati ta kawo hujjar tsaron ƙasa, amma ƙofa ta buɗu. A Janairun 2017 wata 'yar kasuwa, Gina Miller, ta shiga ta wannan ƙofa, Kotun Ƙoli ta ce da rinjayen alƙalai 8 a kan 3 gwamnati ba za ta fara shirin ficewa daga Tarayyar Turai da ikon ƙulla yarjejeniya kaɗai ba, sai majalisa ta yi doka.

Ita wannan Miller ce ta sake kai ƙara a 2019, a Sikotlan kuma 'yar majalisa Joanna Cherry ta jagoranci tata ƙarar. Babbar kotun Ingila ta ce wannan siyasa ce, ba hurumin alƙali ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sikotlan ta ce haramun ne. Magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai goma sha ɗaya suka zauna. Cikin masu ba da hujja a kan Johnson har da John Major, tsohon firayim minista daga jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau, wanda ya shaida cewa kwana huɗu zuwa shida sun isa shirya jawabin da ake magana. Ranar 24 ga Satumba shugabar kotun, Brenda Hale, ta karanta hukunci, da wani ƙaton abin ado mai siffar gizo-gizo maƙale a rigarta, wanda jaridu suka yi kwanaki suna zance a kansa. Babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Kotun ba ta ce Johnson ya yi wa sarauniya ƙarya ba, ta kauce wa batun niyyarsa gaba ɗaya. Cewa ta yi duk rufewar da za ta hana majalisa aikinta na yin doka da sa ido a kan gwamnati, ba tare da dalili mai gamsarwa ba, ta wuce iyakar ikon, kuma gwamnati ba ta kawo wani dalili ba balle a auna shi. Ta ce a ɗauka tamkar farar takarda aka kai wa majalisa. Washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu kamar ba a taɓa sallamarsu ba.

An yi ta tambaya ko sarauniya za ta iya cewa a'a a Balmoral. A takarda za ta iya. A aikace kuwa gaba kura ce baya siyaki: in ta ƙi, tsohuwar da ba wanda ya zaɓa ta taka firayim minista, in ta yarda, ta sa hannu a abin da kotu za ta rushe. Ta zaɓi ta bi shawara, ta bar alƙalai su yi abin da ita ba za ta iya ba.

Gwamnati kuma ba ta kwanta ba. A 2011 an kafa dokar da ta ƙwace ikon rushe majalisa don kiran zaɓe daga hannun firayim minista, ta ƙayyade wa'adin shekara biyar. A 2022 gwamnatin Johnson ta soke wannan doka, ta dawo da tsohon ikon, ta kuma rubuta ƙarara cewa babu kotun da za ta binciki yadda aka yi amfani da shi. Da wannan iko Firayim Minista Rishi Sunak ya tsaya cikin ruwan sama a Mayun 2024, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya sanar cewa Sarki Charles ya amince a rushe majalisa.

Inda takunkumin bai kama ba

Batun yaƙi ya fi kowanne nuna raunin iyakar da al'ada kaɗai ke riƙe da ita. Firayim Minista Tony Blair ya nemi ƙuri'ar majalisa kafin mamaye Iraƙi a Maris na 2003, ya samu. Firayim Minista David Cameron ya nema a kan Siriya a Agustan 2013, ya sha kaye da ƙuri'a 285 a kan 272, ya haƙura. Masana suka fara cewa sabuwar al'ada ta kafu. Sai ga Firayim Minista Theresa May a Afrilun 2018 ta tura jirage suka yi luguden wuta a Siriya, ta zo majalisa da bayani bayan an gama. Sunak ma haka ya yi a kan Yaman a Janairun 2024. Babu dokar da suka karya.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na mutanen tsibiran Chagos ne a Tekun Indiya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1973 Birtaniya ta kwashe mazauna tsibiran, waɗanda ba su wuce dubu biyu ba, ta jibge su a Morishas da Seshels, don Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia. A 2000 babbar kotun Ingila ta ce korar haramun ce. A Yunin 2004 gwamnati ta kai wa sarauniya takarda, a irin zaman tsayen nan na mashawarta, aka fitar da umarnin sarauta da ya haramta musu komawa. Ba muhawara, ba ƙuri'a. A 2008 alƙalan Majalisar Dattawa, uku a kan biyu, suka ce umarnin ya halatta. Ikon da ya kasa rufe majalisa mako biyar a Landan, shi ne ya rufe wa talakawa ƙofar ƙasarsu, domin su ba su da wakili ko ɗaya a majalisar.

Idan sarki ya ce zuciyata ba ta yarda ba fa? Beljiyam ta gamu da wannan a 1990. Majalisa ta zartar da dokar sassauta hukuncin zubar da ciki, Sarki Baudouin kuwa mabiyin ɗariƙar Katolika ne mai riƙo, kuma shi da matarsa Fabiola Allah bai ba su haihuwa ba. Ya rubuta wa Firayim Minista Wilfried Martens cewa ba zai iya sa hannu ba, amma ba ya son ya tare wa majalisa hanya. Sai aka laluɓo wani sashe na tsarin mulki da aka tanada don ranar da sarki ya kasa mulki, saboda ciwo ko makamancinsa. Ranar 4 ga Afrilu ministoci suka ayyana cewa sarki ba ya iya mulki, suka sa hannu a madadinsa. Ranar 5 majalisa ta zauna ta ce ya dawo. Kwana ɗaya da rabi ƙasar ta yi babu sarki, shi ya tsira da imaninsa, doka ta wuce. A Lukzambur kuwa, da mai sarautar ƙasar, Henri, ya ce a Disambar 2008 ba zai amince da dokar da ta halatta wa likita taimaka wa mai matsananciyar jinya ya mutu ba, gyara tsarin mulki aka yi, aka cire buƙatar amincewarsa ɗungurungum, aka bar masa shelanta doka kawai. Ya ƙi sau ɗaya, ya rasa ikon ƙi har abada.

Ranar da ba a san mai rinjaye ba

Akwai lokaci guda da mai sarauta, ko wakilinsa, ke samun kansa da iko na gaske: sa'ad da ba a san wa ke da rinjaye a majalisa ba, ko gwamnati ta cije. A Ostireliya, ranar 11 ga Nuwamban 1975, Gwamna Janar John Kerr, wakilin sarauniya, ya sallami Firayim Minista Gough Whitlam bayan Majalisar Dattawa ta toshe kasafin kuɗi, ya naɗa jagoran adawa Malcolm Fraser riƙon ƙwarya. Whitlam ne ya zaɓo Kerr ya ba shi wannan muƙami, kuma yana da rinjaye a majalisar wakilai a ranar da aka kore shi. Fraser ya lashe zaɓen da ya biyo baya, amma Kerr bai ƙara samun sukuni ba, duk inda ya je ihu ake yi masa, har ya ajiye aiki a 1977.

Maleshiya ta fi kusa da abin da mai karatu ya sani. Sarakuna tara ne, dukkansu Musulmi, suke karɓa-karɓar sarautar ƙasa shekara biyar-biyar. A zamanin Firayim Minista Mahathir Mohamad an rage musu ƙarfi: a 1993 aka kafa kotu ta musamman da za a iya gurfanar da su, a 1994 aka ce doka za ta fara aiki bayan kwana 30 ko sarki bai sa hannu ba. Duk da haka, da gwamnati ta ruguje a Fabrairun 2020, Sarki Abdullah na Pahang ya kira 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ya ji ta bakinsu, sannan ya naɗa Muhyiddin Yassin firayim minista. A Oktoban shekarar shi Muhyiddin ya nemi a kafa dokar ta-ɓaci saboda korona, a lokacin da rinjayensa ke tangal-tangal. Sarki ya tuntuɓi 'yan'uwansa sarakuna, ya ce a'a. Jama'a da yawa sun yaba. Bayan wata uku ya amince da irin buƙatar, majalisa ta daina zama watanni.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana wannan tsari, ko da yake an manta. Daga 1 ga Oktoban 1960 zuwa 1963 Elizabeth ce sarauniyar Najeriya. Nnamdi Azikiwe ne wakilinta a Legas daga Nuwamban 1960, kowace jiha kuma da gwamnanta mai wakiltar karaga. A Kaduna Sa Kashim Ibrahim ya hau wannan kujera a 1962. A Ibadan gwamnan shi ne Ooni na Ife, Sa Adesoji Aderemi, basarake riƙe da ikon wata basarakiyar.

A Mayun 1962 rikicin Obafemi Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola ya raba jam'iyyarsu gida biyu. 'Yan majalisar jiha 66, waɗanda su ne mafiya rinjaye, suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga gwamna cewa sun janye goyon bayansu. Tsarin mulkin Jihar Yamma ya ce gwamna ba zai cire firimiya ba sai in ya bayyana gare shi cewa ya rasa rinjaye. Aderemi ya ga wasiƙa ta isa, ya cire Akintola, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce a zauren majalisa ake ƙirga rinjaye, ba a takardar da aka zagaya da ita gida-gida ba. Da majalisar ta zauna ranar 25 ga Mayu, aka yi jifa da kujeru, sandan majalisa ya karye, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe jihar.

Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Adegbenro ya ɗaukaka ƙara zuwa Landan, gaban alƙalan majalisar mashawartan sarauniya, wato reshen shari'a na wannan majalisa da ta yi zaman tsaye a Balmoral. A Mayun 1963 suka ce abin da aka rubuta shi ne abin bi, kuma rubutun bai ɗaure gwamna da jiran ƙuri'a ba. Hukuncin ya tarar Akintola ya riga ya koma kujerarsa tun Janairu. Majalisar jihar ta gyara tsarin mulki, ta mayar da gyaran baya zuwa Oktoban 1960, ta yadda hukuncin Landan ya zama ta leƙo ta koma. Ranar 1 ga Oktoban 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, aka rufe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa Ingila.

Sarauniya ta tafi, amma ba ta tafi da kayanta duka ba. Ikon yi wa mai laifi afuwa, wanda asalinsa jinƙan sarki ne ga talakansa, yana nan a sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 a hannun shugaban ƙasa, bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata, gwamnoni kuma suna da nasu a sashe na 212. Da shi Goodluck Jonathan ya yafe wa tsohon maigidansa Diepreye Alamieyeseigha a Maris na 2013. Da shi Muhammadu Buhari ya yafe wa tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, a Afrilun 2022, bayan Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 10 a kan na farko da shekara 12 a kan na biyu saboda dukiyar jama'a. A watan Agustan shekarar aka buɗe musu ƙofar gidan yarin Kuje.